Amsa ga ƙanenmu mai sibar (shagon intanet), kan maganar suri, wato linzamin odinatar

Salamu alaikum jama'ar gurup, ina wuninmu. To ƙanena, na saurari muryarka, ka ce ka ga wani ya ɗan ja suri gehe kawai shafi ya koma baya, ko kibiyar nan ta sama bai taɓa ba. Ba siddabaru ba ne wallahi, abin ya daɗe, Opera, manhajar shiga intanet, ta kawo shi tun 2001.

Ga yadda yake. Ka danne maɓallin dama, kar ka saki, ka ja suri hagu kaɗan sannan ka saki, ya koma baya ke nan. Ka ja dama, ya yi gaba. Ka ja ƙasa, sabon shafi ya buɗe, in kuma ka yi ƙasa ka karya dama kamar kana rubuta L, ya rufe wanda kake ciki. Akwai ma wanda ya fi min daɗi, ba ja ba komi, ka danne dama da yatsan tsakiya ka dangwala hagu da manuni, tak, baya. Cikin sauran manhajojin shiga intanet, Vivaldi na da shi, Edge ma sun sa a 2023 amma sai ka shiga parametir ka kunna. Chrome kam sai ka ɗora mai ƙari, wato 'yar manhajar da ake liƙa mai, Firefox kuma akwai ƙarin da ake kira Gesturefy.

Amma ka ji shawarata, kar ka kunna wanga abu a mashinan kiliyan. Mutum ya zo cike fom na konkur, ya danna dama zai yi kopiye, hannu ya ɗan goce, shafi ya koma baya, abin da ya rubuta ya tahi, kai zai kama da faɗa kuma lokacinshi na ci. Ka bar shi a odinatarka kai ɗaya, kuma motsi biyu ko uku sun isa, in ka tara da yawa mantawa za ka yi.

Su kiliyan ka koya musu tayar tsakiyar suri, ai dannuwa take, mutane da yawa ba su sani ba. Ka danna ta kan liyen ya buɗe a wani shafi daban, ka danna ta kan kunnen shafi can sama ya rufe. Ctrl da murza taya na ƙara girman rubutu, har cikin Word, tsofaffi na jin daɗin wannan. In kuma za ka sayi sabon suri a babbar kasuwa, dubi mai maɓalli biyu a gehen babban yatsa, su ne gaba da baya, har cikin dosiyoyin Windows suna aiki ba sai ka ɗora komi ba. To sai an jima, a gaida mutanen gida.