Wace lamba za a ɗauka wajen auna mai binciken lissafin kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa ni cikin kwamitin da zai duba takardun wani malami mai neman ƙarin girma. Fanninsa lissafin adadi da kwamfuta ne, wato ƙirƙiro dabarun da kwamfuta ke bi ta warware lissafi mai nauyi. Google Scholar ya ce ma'aunin h nasa 14, Scopus kuma ya ce 9. Wanne zan ɗauka? Sannan yaya zan gane aikin nasa ne, ba laɓewa yake cikin sunayen abokan aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun suna iya zama daidai, domin kowanne da abin da yake ƙirgawa. Masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch ne ya fito da ma'aunin h a 2005. A jera maƙalun mutum daga wadda wasu maƙalu suka fi ambata a matsayin madogara zuwa ƙasa; lambar jeri ta ƙarshe da ba ta wuce yawan ambaton maƙalar da ke wurin ba, ita ce h. Idan maƙalu bakwai sun samu ambato 50, 18, 9, 6, 5, 4 da 1, h ɗinsa 5 ne. Ka lura, maƙalar da ta samu 50 ba ta ƙara masa komai fiye da mai 5 ba.

Google Scholar yana kwaso komai: kundin digiri, rahotannin cibiyoyi, kwafin farko da aka ɗora a arXiv, shafin da ake ajiye maƙalu kafin mujalla ta buga su. Scopus da Web of Science sun tsaya ne kan mujallu da taruka da suka tantance. Kafin ka yarda da wata lamba, buɗe shafinsa ka tabbatar an haɗe kwafin arXiv da wanda mujalla ta buga, don sau da yawa ambato yakan rabu gida biyu. Duba kuma ko maƙalun wani mai suna irin nasa sun shigo. Lambar ORCID mai alƙalumma 16, wadda ke bambanta kowane mai bincike da saura, ita ce ke raba wannan gardama. A Scopus akwai wurin cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, ka cire ka sake dubawa. Daga nan ka leƙa MathSciNet ko zbMATH, su ne rumbunan bayanan maƙalun masu lissafi.

Babban kuskuren da muke gani shi ne a gwada shi da likita ko masanin halittu. A lissafi ambato ba ya zuwa da wuri, jerin madogara a ƙarshen maƙala ma gajere ne. Dabarar da Hestenes da Stiefel suka buga a 1952 don warware manyan tsarin lissafi sai a shekarun 1970 ta samu karɓuwa sosai, yau kuwa tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ma'aunin tasirin mujalla kuwa, wato matsakaicin ambaton da maƙalunta ke samu, shekara biyu kacal yake dubawa, shi ya sa mujalla mai nauyi irin SIAM Journal on Numerical Analysis ba za ta kai mujallun likitanci a wannan lambar ba. Ka gwada shi da sa'o'insa na fanni ɗaya, waɗanda suka gama digirin dakta kusan lokaci guda.

Sai manhaja, wadda ake yawan zaluntar mutanen wannan fanni a kanta. Mutum zai shafe shekaru yana gina manhajar da dubban masu bincike ke aiki da ita, amma su rubuta sunanta kawai ba tare da ambato ba. Manhajar lissafi ta NumPy ta daɗe a hannun jama'a kafin maƙalarta ta fito a mujallar Nature a 2020. Ka tambaye shi ko manhajarsa na da DOI, wato lambar shaida ta dindindin, daga ma'ajiyar bincike ta Zenodo, ko ta fito a mujallar ACM Transactions on Mathematical Software, kuma waɗanne ayyuka ne suka dogara da ita.

Batun abokan aiki: kada jerin sunaye ya ruɗe ka. A lissafi an saba jera marubuta bisa haruffan sunayensu, don haka zuwa na ƙarshe ba ya nufin ƙaramin aiki. Ka raba kowace maƙala da yawan marubutanta, mai mutum huɗu ta zama kwata, ka ga abin da ya rage masa. Duba maƙalu nawa ya yi ba tare da wanda ya duba masa digirin dakta ba, ko yana aiki da injiniyoyi da masu kimiyya da ke amfani da dabarunsa, ko ɗalibansa sun fara fitowa. Manhajar VOSviewer ta Jami'ar Leiden kyauta ce, za ta zana maka taswirar hulɗarsa. Idan ka ga yawancin ambatonsa daga mutum biyar ko shida yake fitowa, shi ma su yake ambata, a nan ake tsayawa a yi bincike. Irin wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne ya sa Clarivate, kamfanin da ke da Web of Science, ta cire lissafi daga jerinta na masu binciken da aka fi ambata a 2023.

Shawararmu ga kwamitinku: ku rubuta lambobin biyu da ranar da kuka ɗauko su, sannan ku nemi ya zaɓi maƙalu uku ya bayyana abin da shi ya yi a kowace, a tura wa masana biyu na fannin daga wajen jami'arku su karanta.