Ɗana ya fara yi wa manya tambayoyi: laifin lakwal ne?

Tambaya daga wani mahaifi a Garwa, Kamaru: Malam, tun da ɗana ya fara darasin zama ɗan ƙasa a lise, wato makarantar sakandare, bakinsa ya buɗe. Ɗan majalisarmu ya kawo shinkafa unguwa, yaron ya ce a tambaye shi wace doka ya goyi baya a Yawunde. Na ji kunya ƙwarai. Shin ba rashin ladabi ake koya musu ba?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka. In ya ɗaga wa babba murya, ka tsawata masa, wannan haƙƙinka ne. Amma tambayar kanta daidai take.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kullum nake jin ana cewa aikin ɗan majalisa rabon shinkafa ne, da sabulu, da zuwa suna da jana'iza. Wa ya koya mana haka? Masu neman ƙuri'a, da 'yan korensu da ke yawo gida gida suna cewa wanda ya ci gishirin mutum ba ya tambayarsa. Wasu ma har da rantsar da mutane. Mutum 180 muke aikawa majalisar dokokin Kamaru, na shekara biyar, domin su yi doka, su duba kasafin kuɗi a zaman watan Nuwamba, su titsiye ministoci. A watan Afrilun 2008 hannayensu ne suka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa daga tsarin mulki. A 2024 su ne suka amince a ƙara musu shekara guda ba tare da zaɓe ba. Ko kana goyon baya ko kana adawa, ka san inda naka ya tsaya? Galibinmu ba mu sani ba, domin ranar da ya zo buhu muka kalla. Shi kuma ya gane cewa buhun ya ishe mu, to me zai sa ya wahalar da kansa kan maganar asibiti ko hanyar Garwa zuwa Marwa?

Amana ce muka ba shi, kuma Allah zai tambaye mu wanda muka ba. Yaronka zai yi zaɓe in ya kai shekara 20. Kafin nan ka zaunar da shi, ya karanta maka abin da aka koya musu, ranar da ɗan majalisar ya dawo ku je tare, ku yi sallama, kai da kanka ka yi tambayar.