Amsa ga Malamar da Aka Ba Riƙon Ƙungiyar Haziƙan Ɗalibai

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ki riƙo. Kin ce kwalejin da kike koyarwa a nan Amurka ta ɗora ki a kan reshen Phi Theta Kappa, ƙungiyar haziƙan ɗaliban kwalejoji masu karatun shekara biyu, a matsayin mai ba da shawara, yaran kowa gwani ne a aji, amma in ba ke kika kira taro ba babu mai kira, kina tambayar yadda za a yi su koyi jagoranci. Na daɗe ina riƙe da irin wannan kujera a wata kwaleji mai karatun shekara biyu, ga abin da na gani.

Ki fara duba ta ƙofar da suka shigo. Ƙungiyar, wadda aka kafa a 1918 a kwalejin Stephens da ke jihar Missouri, maki take dubawa. Yawancin rassa 3.5 cikin 4.0 suke nema, bayan ɗalibi ya kammala aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin yawan darussan da ya ɗauka. Ke nan an tara miki mutanen da suka saba yin aikinsu su kaɗai, su miƙa, a ba su A. Ba wanda ya taɓa gwada su a kan raba wa wasu aiki, ko bin ɗan'uwan da ya yi alkawari ya saɓa. Jagoranci yana cikin ginshiƙan ƙungiyar huɗu, tare da ilimi da hidima da zumunci, amma sai an sa su a gaba suke koyonsa.

Babban aikinki shi ne janye hannu, kuma yana da wuya, don ke kin fi su sauri. Ajanda shugaban ɗalibai zai rubuta, ya kawo miki kwana ɗaya kafin taro, ku duba tare na minti goma. Ranar taro ki zauna a kujerar baya. Za a yi tambaya, ɗaki ya yi tsit, idanu duk su juyo gare ki. Ki ce, "Shugaba, me ka gani?" ki ja bakinki. Tarukan farko za su yi ta tangal-tangal, kada hakan ya dame ki.

Inda na fi ganin ɗalibai sun sauya shi ne aikin da ake kira College Project, wanda reshe ke zama da hukumar kwaleji a tsayar da abin da zai amfani makaranta. Ni na nema musu lokacin ganin shugabar kwaleji, iyakar nawa ke nan. Sakatariyarmu, mai 'ya'ya biyu da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ita ta gabatar da batun ɗakin ajiyar abinci na ɗalibai marasa hali. Takardar hannunta har rawa take. Shugabar ta tambaye ta wa zai riƙa buɗe ɗakin, kuma ina firji zai fito. Ba ta da amsa, ta ce a ba su mako biyu. Suka koma suka zaga ofisoshi, suka tsara jadawalin masu tsaro, suka dawo da amsa a rubuce. Da ni na amsa a ranar, da an tashi taro da wuri, ita kuma ta fita yadda ta shigo. Batun ma su suka kawo shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka Honors in Action, inda suke bincike a kan jigon da hedikwatar ƙungiya ke sauyawa duk shekara biyu, sannan su aiwatar da wani abu a gari. Kada ki zaɓa musu tambayar bincike. Ki haɗa su da ma'aikacin laburare, ki riƙa tambayar hujjarsu.

Wani abin da ke karya rassa shi ne gajeren zama. Ɗalibi sai ya yi zango ɗaya ko biyu kafin a gayyace shi, ya kama muƙami, kafin ya san kan aiki ya wuce jami'a. Don haka kowane mai muƙami ya ɗauki mataimaki daga sababbin shiga tun watan farko, ma'aji ya bar littafin kuɗi da za a iya karantawa, a kuma yi zaɓe da wuri yadda tsofaffi da sababbi za su yi 'yan makonni tare. Waɗanda ba su da muƙami ma a ba su ƙaramin abu mai ranar kammalawa, ko da karɓar baƙi ne a bikin rantsar da sababbin mambobi.

Ki sa ido a kan yaranmu da suka taso a gidajen da ba a tsoma baki in babba na magana. Shirunsu ladabi ne, ba rashin ra'ayi ba. Ni nakan kira su gefe in ce, "A taro mai zuwa kai za ka ba da rahoton kwamiti," kada abin ya zo musu ba shiri.

Janye hannu yana da iyaka. Kuɗi, tafiye-tafiye, da duk abin da ya taɓa dokar kwaleji, sa hannunki ne a kai, kada ki saki. Amma fosta ta fita a makare, ko mutum biyar kacal su halarci taron da aka yi wa tanadin hamsin, wannan ki bari ya faru. Washegari ku zauna, ki tambaye su me ya tafi daidai, me ya lalace, wa zai gyara kuma yaushe, sakatare ya rubuta.

A wannan makon ki kira shugaban ɗaliban, ki gaya masa taro na gaba nasa ne, ya turo miki ajanda kafin ranar.