Tambaya da Amsa: Yawon Keke a Duwatsun Sarawat

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan abu guda suka tsaya, wato tafiyar kwanaki a kan keke cikin tsaunukan kudu maso yammacin Saudiyya. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, duk Juma'a muna yin kilomita 60 zuwa 70 a bakin teku, ko gezau. Muna so mu tashi daga Ɗa'ifa zuwa Abha a lokacin hutu. Kwana nawa za mu ware? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, bakin tekun Jidda shimfiɗe yake, kada ku auna kanku da shi. A dutse ba kilomita ake lissafawa ba, mita nawa aka hau ake lissafawa. Hanyar da ta bi ta Baha, Baljurashi, Namas da Tanuma ta haura kilomita 500. Ɗa'ifa tana kusan mita 1,900 sama da teku, Abha kuma sama da 2,200. Wanda ya dubi alƙaluman nan biyu zai ce ai tazarar kaɗan ce, alhali hanyar hawa da gangara ce tun daga farko har ƙarshe, abin da ka hau da safe ka sauke shi kafin azahar, ka sake hawa.

Mai matsakaicin ƙarfi da ke ɗauke da kaya yana hawan mita 400 zuwa 500 a awa ɗaya. Ranar da ke da kilomita 60 da hawan mita 1,200 za ta ci awa shida ko bakwai a kan sirdi, ban da salla da abinci. Ku ware kwana goma, ku ƙara ɗaya na hutu a Baha. Ku kwana biyu a Ɗa'ifa tukuna, domin a tsayin mita 2,000 iskar da huhu ke samu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma mutumin Jidda zai ji hakan a ƙirjinsa. A kwanakin nan ku gwada hawa Shafa, tsaunin da ke kusa da Ɗa'ifa, da kayanku cif, kimanin kilomita 25 ne. Wanda Shafa ta gagara, ya rage kaya ko ya canza giya kafin a yi nisa. Ku ɗauki rigar sanyi ko da rani ne, zafi yana sauka kusan digiri 6 a kowace mita 1,000. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi. Da sanyi hazo yakan rufe Baha da Namas har ba a ganin motar da ke gaba, a Yuli da Agusta kuwa ga cunkoson masu hutu ga hadarin yamma.

Tambaya: Kekena na tsere ne, ƙaramin faifan gaba haƙora 34, babban na baya 28. Zai yi? Daga wani ɗalibi a Madina.

Amsa: Ba kaya zai yi, da kaya gwiwarka za ta biya. Ga lissafin, ɗan'uwa. Taya mai lamba 700 tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 34 gaba 28 baya, in kana juya feda sau 60 a minti, gudunka ya kai kilomita 9 a awa. Kai da keke da kaya kun kusa kilo 100, kuma ɗaga kilo 100 a wannan gudun kan hawa mai kashi 10 cikin ɗari aikin ɗan tsere ne. Abin da zai faru shi ne juyin fedarka ya faɗi zuwa 40, kana dannawa da dukkan nauyinka, kwana biyu gaban gwiwa ya fara zafi.

Mafi ƙarancin abin da za ka nema shi ne haƙoran gaba da na baya su zo daidai, 34 da 34. Mafi kyau 24 gaba da 34 baya irin na keken dutse, wanda zai ba ka kilomita 5 da ɗan ɗoriya a awa kana zaune daram. Kafin ka sayi babban faifan baya, sa mai gyara ya duba ko hannun canjin giyarka zai ɗauke shi, yawanci gajeren hannu ba ya kaiwa 34. Sarƙa ma dole a sa sabuwa mai tsayi. Sannan yawancin kekunan tsere ba su da hujin ɗaura kariyar ɗaukar kaya, kuma jakar goyo mai kilo goma ba abin yini ba ce. Kaya kada su wuce kilo 15, mai nauyi a ƙasan jaka, a raba gefe biyu daidai.

Tambaya: An ce mana saukowa daga Baha zuwa Tihama, shimfiɗar da ke gindin duwatsun, ta hanyar Mikhwa ita ce mafi daɗi, mu ga ƙauyen Zi Ain. Me za mu kula da shi? Daga wasu matasa a Makka.

Amsa: Birki, samari. Hawa gajiya kawai yake sa mutum, gangara ita ke kai mutum asibiti. Daga bakin dutsen zuwa ƙasa za ku sauke fiye da mita 1,500, kuma duk wannan nauyi zafi yake komawa a jikin birki.

In birkin roba ne mai kama rim, riƙe shi ba saki yana gasa rim ɗin, iskar ciki ta kumbura, roba ta yi laushi, tiyub ya fashe ana cikin gudu. In tayar gaba ce, sai dai Allah ya kiyaye. In birkin faifai ne, takalmin yakan yi santsi saboda zafi, ka matse ka ji keke bai tsaya ba, mai aiki da mai kuma in man ya tafasa hannun birkin sai ya tafi har ƙarshe babu kamu. Maganin duka ɗaya ne: a matse da ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu kafin kwana, gudu ya faɗi sosai, a saki gaba ɗaya ya sha iska. A cikin kwana ba a matse birkin gaba. Duk bayan saukar mita 300 a tsaya minti biyar. Mai rim ya kai bayan hannu kusa da shi, in da hucin zafi a jira. Faifai kuwa ba a taɓa shi, yana ƙona yatsa nan take, kuma ba a zuba masa ruwa, yakan lanƙwashe.

Kafin tafiya a duba takalmin birki, in abin da ya rage bai kai milimita ɗaya ba a canza, a kuma sa sabo guda biyu a jaka. Mai kaya ya sa faifai mai milimita 180 a gaba in kekensa na karɓa. Hanyar tana ratsa ramuka da yawa da aka huda cikin dutse, don haka fitila fara a gaba, ja a baya, a kunne tun daga sama, a cire baƙin tabarau kafin shiga. Ku tambayi murur, wato 'yan sandan hanya, a Baha ko hanyar a buɗe take ga keke a ranar, domin akan rufe irin waɗannan gangare saboda ruwa ko faɗowar duwatsu. Kuma ku shirya motar da za ta mayar da ku sama, zafin Tihama ba na hawan yamma ba ne.

Tambaya: Ɗana ya ce a cikin kwari za su riƙa kwana saboda yashi mai laushi da inuwa. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Ɗa'ifa.

Amsa: Hajiya, gaskiyarki. Ki gaya masa ba a kwana a cikin wadi, ko da sama tas take babu gajimare. Ruwan da zai cika kwarin ba a kansa zai sauka ba, can saman dutse zai zuba, nisan kilomita 20 ko fiye. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba sai ya taru a kwari ɗaya, ya iso cikin dare ɗauke da itace da duwatsu. Su duba bangon kwarin da sauran haske, za su ga layin tarkace da busasshiyar ciyawa da ambaliyar baya ta rataye a jikin itatuwa. Tanti ya kasance can sama da wannan layin, a inda za su iya ƙara hawa da ƙafa in ta kama.

In sun tarar ruwa na gudu a kan hanya, su jira, yawanci awowi kaɗan yake janyewa. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da ƙato, keke mai jaka kuwa ruwan ya fi saurin tafiya da shi. Kowace safiya su duba gargaɗin Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa a waya. Su riƙe lambar 998 ta difa'ul madani, wato masu aikin ceto, da 997 ta motar asibiti, iƙama, wato katin izinin zama, a aljihu, kuma kowace magariba su turo miki inda suka sauka, tun kafin su gangara inda babu sabis.

Tambaya: Faci ya dame ni a Wadi Hanifa, kusan kowace fita. Daga wani mai karatu a Riyad.

Amsa: Ƙaya ce da tsidau, musamman ƙarƙashin itatuwan da kake neman inuwarsu. Ɗaga keken ka ɗauka in za ka bar hanya. In ka cire tiyub, shafa cikin tayar da ƙyalle har ka gano ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai huje. Huji biyu a jere kuwa iska ce ta yi kaɗan, rim ya cije tiyub. Wajen faci, kankare wurin, shafa sholisho siriri, bar shi minti biyar ya daina sheƙi sannan ka manna. Gaggawa a nan ita ke sa faci ɗagowa. Taya mai faɗin milimita 38 zuwa sama, marar tiyub mai ruwan toshe huji, za ta raba ka da yawancin matsalar, amma zafin Riyad yana busar da ruwan, ka sabunta shi duk wata biyu ko uku.

Tambaya: Ruwa nawa, kuma yaya za mu yi da biran Hada da Shafa, tsaunukan da ke kusa da Ɗa'ifa?

Amsa: Rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta hawa, kada a bar baƙala, wato shagon kayan masarufi, da ƙasa da lita uku. Gora ɗaya ta lita a zuba mata ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Birai kuwa mutane sun saba musu da abinci daga mota, leda suke bi. Dabino da ayaba su zauna cikin jaka a zuge, kada a ci komai a gabansu, kada a zuba wa babban namijin ido, a wuce garken sannan a tsaya.