Wace jitar lantarki mai sauƙin kuɗi zan saya ta ko-ta-kwana?

Malam, ka ce kana kiɗa a wuraren biki a Katsina da jita mai jakin Floyd Rose (wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita), kuma kana neman ta biyu mai araha wadda za ka ɗauka idan tsirkiya ta tsinke. Tunaninka daidai ne, domin irin wannan jaki yana reto ne tsakanin jan tsirkiyoyi da na sifirin da ke bayan jita, saboda haka tsirkiya ɗaya na tsinkewa sai sauran duka su fita daga saiti.

Shawarata ita ce ka nemi Jackson JS32, wadda take zuwa da jaki mai kulle tsirkiya sama da ƙasa kamar taka. Squier da Yamaha Pacifica 112 jitoci ne nagari, amma jakin Pacifica 112 da na yawancin jitocin Squier ba ya kullewa, kuma hannunka zai ji bambancin. Idan ta hannu za ka saya, ka duba bakin ƙarfen jakin da ke jingine da ƙusoshi biyu, domin idan ya dakushe jitar ba za ta riƙa komawa saiti ba. Ka sanya wa duka biyun tsirkiyoyi masu kauri ɗaya, sannan ka sake duba wuyansu idan hunturu ya shigo, saboda bushewar iska tana motsa katako.