Na yi shekara uku ba inshorar gida, shekara nawa zan rubuta a fom?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A birnin Leeds na Ingila nake zaune. Na yi shekara bakwai ina biyan inshorar kayan ɗaki, ban taɓa karɓar ko sisi ba. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo na tafi gida jinya, inshorar ta ƙare, bayan na dawo kuma na zauna haya ban sabunta ba. Shekara uku ke nan. Yanzu mun sayi gida da bashin banki, an ce dole sai da inshorar gini. Fom na tambayar shekara nawa na yi ban nemi diyya ba. Wani da yake cike wa mutanenmu fom ya ce in sa goma. A gidan hayar an taɓa fasa mana taga aka ɗauke kwamfuta da sarƙar gwal, ya ce kada in ambata tunda ba ni da inshora a lokacin. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan jinyar Mama. Kada ki sa goma.

Rangwamen da kamfani ke yi wa wanda bai nemi diyya ba, shekarun da mutum ya yi yana riƙe da inshora ake ƙirgawa. Shekara ukun nan ba sa cikin lissafi. Bakwai ɗin ma akwai magana. A inshorar mota yawancin kamfanoni na karɓar shaidar rangwame har shekara biyu bayan ƙarewarta, amma a ta gida kowa da ƙa'idarsa, kuma giɓin shekara uku yakan mayar da mutum sifili. Sannan taki ta kayan ɗaki ce, fom da yawa kuwa suna raba shekarun gini da na kaya. A ɓangaren gini sifili za ki sa. A na kaya, ki kira kamfanin kafin ki biya, ki faɗa musu yadda abin yake, su aiko miki da amsarsu ta imel.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar satar. Kusan kullum sai na ji wannan: "ai ban karɓi kuɗi ba, me zan faɗa?" Ki koma fom ɗin ki karanta tambayar a tsanake. Yawanci biyu ce. Ta farko ita ce ta rangwame. Ta biyu tana tambayar ko ke ko wani da kuke zaune tare ya yi asara, an yi masa sata, gobara ko ɓarnar ruwa cikin shekara biyar da suka wuce, wasu su ce uku, ko da inshora ko babu, ko an nemi diyya ko ba a nema ba. Tagar nan da aka fasa tana cikin wannan tambaya tsaf.

Mutanenmu suna ruɗuwa ne saboda ranar saye ba mai tuhumar kowa. Ka danna, ka biya, takarda ta shigo waya, shi ke nan sai a ce ai ba sa dubawa. Ranar da bututu ya fashe cikin sanyin Janairu, silin ya rufto kan kujeru, kafet ya jiƙe sharkaf, ranar ake buɗe fayil. Mai tantance asara zai zauna a falonki da littafinsa, ya tambaye ki ko an taɓa yi miki sata. In kin kai rahoto wurin 'yan sanda a wancan lokaci, lambar rahoton na nan. Akwai kuma rumbun bayanai da kamfanoni ke tarayya a kai, CUE, wanda aka kafa a 1994, yana riƙe bayani shekara shida. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ko kira kawai ka yi ka sanar da kamfani cewa ruwa na ɗiga, daga baya ka gyara da kuɗinka, ana iya shigar da shi can.

Dokar da ke aiki a nan ita ce ta 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa, ta fara aiki a watan Afrilun 2013. Ta ɗora miki kula da kyau kada ki ba da amsar da ba daidai ba. In sakaci ne, ana biya gwargwado: a ce fam 300 ya kamata ki biya amma amsarki ta sa kika biya 240, to a asarar fam 10,000 dubu takwas za ki samu. In kuma da ma ba za su ɗauke ki ba da sun sani, sai su soke su mayar miki da kuɗinki. Amma in da gangan ne ko ganganci, suna da ikon sokewa tun daga tushe, su hana diyya, su riƙe abin da kika biya. Wanda ya san da sata ya danna "a'a", da wuya ya tsira da cewa mantuwa ce. Daga nan kuma duk fom ɗin da za ki cike zai tambaye ki ko an taɓa soke miki inshora, tambayar da galibi ba ta da iyakar shekaru. Ga bashin banki a wuya, ga gida ba kariya. Duk wannan a kan rangwamen da bai taka kara ya karya ba.

Shi kuma mai cike fom ɗin, raina ya daɗe da ɓaci da irinsu. Suna karɓar na goro, su rage gaskiya don farashi ya sauko a yaba musu, ranar wahala kuma wayarsu a kashe. In a madadinki ya cike, ƙaryarsa a kanki take a idon doka. Ki nemi sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya, a intanet. In babu shi, kada ki ba shi ko ranar haihuwarki.

Ga abin yi. Ki nemi takardar sabuntawa ta ƙarshe daga tsohon kamfaninki, ita ce shaidar shekarunki. Ki nemi bayananki na CUE daga hukumar MIB da ke kula da shi, kyauta ne. Ki faɗi satar da watanta da kimar abin da aka ɗauka. In kin riga kin biya da amsar wancan mutumin, ki kira yau ki gyara, tun ba a kai ga neman diyya ba. Idan kamfani ya zalunce ki duk da kin faɗi gaskiya, ki kai musu ƙorafi a rubuce, suna da mako takwas su amsa, daga nan kina da wata shida ki kai ƙara ofishin Ombudsman, mai sauraron koken jama'a kan harkar kuɗi, ba a biyan komai.

Tunda kuma kina da majinyaciya a can ƙasarku, ki duba sharaɗin barin gida ba kowa. Yawanci kwana 30 ne ko 60 a jere, in tafiyar za ta wuce haka ki sanar da su kafin ki hau jirgi.