Miya ta yi lami, ko gishiri ne ya yi yawa?

Wasiƙu uku suka zo mini a makon nan, duk a kan littafi ɗaya. Littafin yaƙi ne irin na zamanin da, mai sarakuna da sadaukai da aljanu, wanda marubucinsa ya kafa a ƙasar Kano tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, yake kuma fitar da shi kashi-kashi. Na huɗu ne ya fito, masu karatu suka rabu biyu. Ba zan ambaci sunansa ba, don ba alƙalancin littafi nake yi a wannan fili ba. Kalmomin da aka yi musun da su, su ne rabona.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. Ta ce: "Malam, ni na ce na huɗun ya yi lami, ƙanwata ta ce a'a, gishiri ne ya yi masa yawa. Kwana biyu muna musu. Ai abu ɗaya ba zai zama lami kuma a ce gishirinsa ya yi yawa ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu?"

Malama, in a bakin murhu ne, ke ce da gaskiya. Lami shi ne abincin da ba gishiri ba ɗanɗano, wanda wasu ke cewa ya yi salam. Daga tukunya kalmar ta fito waje, har aka ce hira ta yi lami, biki ya yi lami, wato an taru amma ba armashi. Kada ki haɗa ta da "lami lafiya" da ake faɗa wa wanda ya dawo daga tafiya ba ko ƙwarzane, wannan hanyarta daban.

Amma gishirin magana ba shi ne na miya ba. In aka ce mutum ya ƙara gishiri, ana nufin ya ɗora wa labari abin da babu a cikinsa: kura ɗaya ya gani a bayan gari, kafin ya iso ƙofar gida sun zama goma sha biyu. Kin ce a littafi na ɗaya jarumin da mutum uku ya kara a bakin rafi, aka sare shi a kafaɗa, ya yi wata guda yana jinya a bukkar wata tsohuwa. A na huɗu kuwa sara ɗaya yake yi mutum dubu su zube. To wanda ba ya jin ciwo, wa zai ji tsoro dominsa? Gabanki ya daina faɗuwa, kina buɗe shafi kin riga kin san wanda zai tashi da rai. Gishirin da ƙanwarki ta gani shi ne ya jawo lamin da kika ji. Ku bar musun haka nan.

Akwai karin maganar da marubuta dogon labarin yaƙi ke rayuwa a kanta: gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Kowane kashi sai an kawo abokin gaba wanda ya fi na baya, in an gama da matsafi a kawo ifiritu, in an gama da ifiritu a kawo sarkinsu. Sai dai daɗin karin maganar yana wurin rabinta na biyu. Aljanin da ake tsoro, wanda Alƙur'ani ya ce daga wuta aka halicce shi, shi ne ya taka wuta ya ji a jikinsa. Marubucin da ya riƙe "gaba da gabanta" ya manta cewa shi ma jaruminsa yana da tafin ƙafa, rabin maganar kawai ya ɗauka.

Wasiƙa ta biyu ta fi ba ni aiki. Wani ɗalibi ne daga Maraɗi: "Malam, mene ne sunan irin wannan labari? Abokina ya ce tarihi ne, tunda akwai Barbushe da dutsen Dala a ciki. Ni na ce ƙanzon kurege ne. A na huɗu an sa wa dawakai lifidi, mahayansu da sulke da kwalkwali, a zamanin Barbushe. Aljanun ba su taɓa damuna ba, amma wannan ya tsaya mini a rai, ban kuma san dalili ba."

Ɗana, ka ji abin da ya kamata ka ji, suna ne kawai ka rasa masa. Bari mu fara da abin da ke cikin rumbun harshe. Labari ita ce uwa, daga Larabci muka aro ta, al-khabar, muka haɗiye "al" ɗin ta zama jikin kalma, kamar yadda aka yi a aljani da alƙalami. Labari yana iya zama gaskiya, yana iya zama ƙarya. Tarihi kuwa yana da'awar cewa abin ya faru. Ƙissa mun fi ajiye ta ga labaran annabawa da bayin Allah na ƙwarai, kuma a kula da ƙugiyar nan ta kan harafi, don in ta faɗi aka rubuta kissa, an koma zancen kissa da kisisina, wanda ba shi ne muke kai ba. Hikaya labari ne na wa'azi ko ban mamaki, galibi wanda ya biyo littattafan Larabci ya iso mu. Almara a bakin jama'a ita ce labarin da hankali ba zai ɗauka ba, a ajin adabi kuma akan kira ɗan gajeren labarin nan mai ƙarewa da tambayar da za a yi ta gardama a kai da wannan suna. Sai tatsuniya, wadda ita ce ta fi amsa tambayarka.

Ina yaro, bayan an ci tuwon dare, kakata takan jingina da bangon ɗaki, mu kewaye ta a kan tabarma, fitilar ƙwai tana gefe. Sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Daga nan Gizo zai yi magana da tsamin baki, kura za ta je kasuwa, dodo zai haɗiye gari guda, ba wanda zai ce uffan. In ta gama ta ce, "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Ka ga an yi sharaɗi tun daga bakin ƙofa, an kuma warware shi a wurin fita. Amma ranar da ta yi kuskure ta ce Ƙoƙi ƙanwar Gizo ce, nan take muka yi caa a kanta: "Iya, ai matarsa ce!" Yaran da suka yarda gizo-gizo na magana, su ne suka ƙi yarda a sauya masa mata. Ƙaryar da aka sanar da kai tun farko kana karɓarta hannu biyu, wadda aka cusa maka ba sallama ita ce ke tsaya maka a maƙogwaro.

Haɗa tarihi da aljanu ba sabon abu ba ne a rubutunmu. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, ya kuma sha fama kafin malamai su yarda cewa alƙalami zai iya rubuta abin da bai faru ba, don a wurinsu rubutu na addini ne da ilimi. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, sannan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasashen aljanu. Kai, shi kansa tsohon kundin nan na Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, a shafinsa na farko akwai Barbushe, ƙaton maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka.

To amma wannan kundin ne dai ya ce Sarki Kanajeji, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Bagauda kuwa an sa zuwansa a 999, Barbushe kuma ya riga shi. Kusan shekara 400 ke nan marubucinka ya tsallake da doki ɗaya. Da ya ƙirƙiri garinsa da sarkinsa, da ba mai tuhumarsa ko bindiga ya ba su. Amma da ya ari sunan Dala da Barbushe, ya ci bashin tarihi, mai karatu kuma yana da ikon bin bashinsa. Aljanin yana cikin sharaɗin "ga ta nan", lifidin ba ya ciki.

Saboda haka ba na tare da abokinka, ba tarihi ba ne. Kai ma ban ba ka duka ba. Ƙanzo shi ne busasshen tuwon da ke manne a gindin tukunya, kuma a fahimtata abin dariyar shi ne kurege ba ya girki, balle a samu ƙanzo a gidansa. Ana faɗin ƙanzon kurege ne ga zancen da aka kawo da sunan gaskiya alhali ba shi da tushe, irin na mai cin bashi ko ɗan siyasa. Wanda ya rubuta "ƙagaggen labari" a bangon littafinsa ya riga ya fita daga wannan tuhuma. In ni ne zan raɗa masa suna, sai in ce almara mai jingina da tarihi, in kuma roƙi mai ita ya duba bangon da ya jingina da shi.

Ta uku gajeriya ce, daga wani dattijo a Jos wanda ya ce tun zamanin shagunan hayar littafi yake karatun irin waɗannan labarai. Ya ce: "Masu kushe na huɗu ba masoya ba ne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɗana kuma ya ce mini wai ci gaban mai haƙan rijiya ne. Malam, wace ce ta dace?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ma'anar taka a fili take: kowa gwani ne wurin cin tuwo in miya na nan, sai ta ƙare ake gane wanda tuwon yake so da wanda miyar ta kawo. Ana faɗinta ga aboki ko bara ko mata da miji in wadata ta gushe. Kun sa ta a wurinta, in masu karatu kuke nufi. Sai dai ku lura da abin da kuka amsa da bakinku. Maci tuwo a nan ku ne, tuwon shi ne littafin, kuma karin maganar ba ta aiki sai miya ta ƙare. Kun zo kare marubucin, kun ba da shaidar da Malama ta Zariya take nema.

Ta ɗanku kuwa ta fi cizo, don ta yi wasa da kalmar da marubutan ke rufe kowane kashi da ita, "za mu ci gaba a littafi na biyar". Mai haƙan rijiya kullum aikinsa na ƙaruwa, kullum kuma ƙasa yake yi. Amma ku gaya masa ni ban yarda a yanke wa mai haƙa hukunci yana tsakiyar rami ba, tunda shi ruwa yake nema, kuma a ƙasan yake. In na biyar ya fito, ya karanta muku shi da dare, ku aiko mini da abin da guga ya ɗebo.